Abin da Magini Yake Arowa a Wurin Maƙwabci

A hawa na biyu na wani gini, saman shagon mai sayar da tayoyi, akwai wani ƙaramin kamfani da ke ƙera na'urar auna sanyi. Na'urar ba ta fi tafin hannu ba. Ana manna ta a ɗakunan sanyi inda ake ajiye kifi ko nama ko magani, ta riƙa nuna awon sanyin a ɗan allonta. Idan wurin ya fara ɗumi, sai ta tsala ihu har a zo a duba. Mutum uku ne ke riƙe da aikin. Akwai Manaja, wanda ya kafa kamfanin. Akwai Mai Dalma, wanda ke haɗa jikin na'urar da wayoyinta. Akwai kuma matar da ke rubuta manhajar da ke tafiyar da ita, wadda ake kira Almakashi, domin an shaide ta da cewa idan aka ba ta dogon rubutu, rabinsa za ta mayar, kuma ya fi na da aiki.

Ta huɗunsu ba mutum ba ce. Wata kwamfuta ce mai launin toka da ke zaune a lungu kusa da taga, an ɗora ta a kan bulo biyu saboda ruwan goge ƙasa. Fankarta tana gurnani tun safe har a tashi. Sunanta Tsohuwa.

Ya kamata a bayyana dalilin da ya sa ake lallashin Tsohuwa. Rubutun da Almakashi take yi, na'ura ba ta iya karanta shi haka nan. Sai ya bi ta wani tsari da zai tattara fayilolin, ya juya su, ya ɗora wannan a kan wancan, har su zama abu guda da za a ɗura wa na'ura. Wannan tsarin shi suke kira Magini. To, Magini yana da wata ɗabi'a. Kafin ya ɗora komai, sai ya je wurin wani yaren kwamfuta dabam, wanda ko harafi ɗaya na manhajarsu ba a rubuta da shi ba, ya tambaye shi: da waɗanne kayan aiki aka gina ka, a ina suke ajiye, kuma da waɗanne ƙa'idoji? Duk amsar da ya samu, ita yake bi. Ma'aikacin da ya fara tsara Magini, wanda ya daɗe da barin kamfanin, ya ga aron saiti ya fi masa sauƙi a kan ya zauna ya rubuta nasa. Wannan yaren da ake aro a wurinsa, suka sa masa suna Maƙwabci.

Maƙwabcin da ke cikin Tsohuwa tsohon samfuri ne, sababbin kwamfutoci ba sa karɓarsa. Sabon samfurin kuwa ya sauya yadda yake ba da amsa, Magini na tambayarsa sai ya tsaya cik. Saboda haka a duk faɗin duniya, a cikin Tsohuwa kaɗai ake iya gina manhajar nan.

Mahaifin Almakashi tsohon makaniken manyan motoci ne, yana zaune a wani gari mai nisan wuni guda a mota. Yanar ido ta fara rufe masa gani. Tun bayan rasuwar matarsa, ƙanwarsa Gwaggo ce ta zo take kula da shi, amma 'yarta ta kusa haihuwa, ta ce ƙarshen wata za ta koma. Mijin Almakashi malamin makaranta ne, ya riga ya samu canjin wurin aiki zuwa garin, har ya wuce can yana gyara ɗakunan baya na gidan. Saura ita. Tafiya kam za ta yi; abin da ba ta sani ba shi ne ko da aikinta za ta tafi, ko za ta bar shi a nan.

Wata safiya ta tsaya a gaban teburin Manaja.

"Yallaɓai, ina son komawa gida."

"Gidan da kike komawa kullum da yamma?"

"Gidan Baba. Da zama."

Manaja ya cire tabarau, ya goge shi da gefen riga, ya mayar. Ya san halin da tsohon yake ciki. "Aikin fa?"

"Aikin yana cikin jakar nan," ta ce, ta dafa jakar kwamfutarta ta hannu.

"Rubutun ne a jakar nan. Ginin yana can." Ya nuna lungu da haɓa.

"Sai in riƙa aiko rubutun, ku gina a nan."

"Ki aiko mana abin da ba ki gwada ba, mu ɗura wa ɗakin maganin mutane?"

Mai Dalma ya ɗago daga kan teburinsa, hayaƙin dalma yana tashi a gabansa. "Ni dai kada a haɗa ni da Tsohuwa. Ranar da na taɓa ta, wuni ta yi ba ta kula kowa ba. Ki ɗauke ta ku tafi mana, ƙanwata, ki ɗaura mata bel a kujerar gaba."

"Yaya, ko matakalar nan ba za ta sauka da ranta ba."

Manaja ya bubbuga biro a tebur. Can ya ce, "Ba na son rasa ki, kuma ba zan hana ki mahaifinki ba. Ranar da manhajar nan ta ginu a kwamfutarki, ta yi aiki kamar wadda Tsohuwa ta gina, ki tafi duk inda kike so, kujerarki tana nan. Idan ba ta ginu ba, dole in nemi wanda zai zauna kusa da Tsohuwa."

Ta ce ta ji, kuma ta ga adalci a maganar.

Tun a ranar ta zauna a gaban Tsohuwa, ta sa Magini ya riƙa faɗin duk tambayar da yake yi wa Maƙwabci da duk amsar da yake samu. Shekaru ta yi tana aiki da tsarin nan ba ta taɓa leƙa wannan wurin ba, kamar yadda mutum yake zama a gida bai taɓa hawa rufinsa ba. Amsoshin suka cika allo. Ta matso da kujera, ta manta da shayinta har ya yi sanyi.

"Yaya, zo ka ga abin mamaki," ta ce. "Ka san Magini ba ya sanin inda kayan aikinmu suke sai ya tambayi Maƙwabci?"

Mai Dalma ya zo ya tsaya a bayanta, hannu a ƙugu. "Wato kullum sai mun ƙwanƙwasa ƙofar mutum mu ce, don Allah ina muka ajiye gudumarmu?"

"Haka. Shi kuma sai ya faɗi inda ya ajiye tasa. Sa'a muka yi wuri ɗaya ne."

"Bawan Allah mai haƙuri. Ni da tuni na tashi daga unguwar."

Ta raba amsoshin gida biyu. Waɗanda suka shafi ginin manhajarsu, ta kwashe su ta zuba a sabon fayil nasu na kansu. Waɗanda ta ga na Maƙwabci ne shi kaɗai, kamar adireshin ɗakunan ajiyarsa da sunayen kayansa, ta zubar da su. Sa'an nan ta bi Magini layi layi, duk inda ya juya zai tambayi Maƙwabci, ta datse, ta juya shi zuwa ga sabon fayil. Aikin ya ci mata kwanaki, amma irin aikin da take so ne. Mai Dalma ya ce har waƙa ya ji tana yi ƙasa-ƙasa, ta ce ƙarya yake yi, fankar Tsohuwa ce.

Ranar da ta gama, ta buɗe kwamfutarta ta hannu, wadda babu ko ƙurar Maƙwabci a cikinta, ta ba Magini umarni. Ya tattara, ya juya, ya ɗora, bai tambayi kowa komai ba, ya gama. Ta ɗura wa na'ura guda. Allon ya haska, ya nuna ɗumin ɗakin daidai da na'urar da ke rataye a bango. Ta damƙe ta a hannu, awon ya hau. Ta kai ta bakin fanka, ya sauka. Ta bi duk gwaje-gwajen da suka saba yi a kan tebur, babu wanda ya faɗi.

Manaja ya jujjuya na'urar, ya ce, "To, Malama Almakashi, kin yanke mana cibiya. Ki fara ɗaure kaya."

Washegari da azahar suna cin abinci a teburin tsakiya, sai wani ihu ya taso daga kicin ɗin ofis, a shaƙe, kamar an rufe kyanwa a akwati. Suka dubi juna.

"Wayar waye?" in ji Manaja.

Mai Dalma ya ajiye cokali a hankali. "Ba waya ba ce. Ɗazu na je ɗaukar ruwan sanyi a firiza, na'urar nan tana hannuna. Ina jin ruwan na ɗauko, ita na bari."

Suka shiga kicin su uku. Mai Dalma ya buɗe firiza, ihun ya cika ɗaki. Ga na'urar kwance a kan ledar kifinsa, ƙanƙara ta fara kama gefenta. Almakashi ta ɗauko ta, ta share allon da babban yatsa. An rubuta ɗari biyu da hamsin da ɗaya.

"Ikon Allah," in ji Mai Dalma. "Ashe kifina ya soyu ban sani ba."

Babu wanda ya yi dariya. Manaja ya je ya ciro tsohuwar na'ura daga bango, wadda Tsohuwa ta gina manhajarta, ya sa su duka biyu a firiza, ya rufe. Suka tsaya a tsaye har aka ɗan jima. Da ya buɗe, ta bango tana nuna biyar ƙasa da sifili, shiru abinta. Sabuwar tana ta ihu, tana cewa wuta ake yi.

Almakashi ta ji kunya ta rufe ta, domin ta ga kuskurensu a fili: masu ƙera na'urar sanyi ne, amma duk gwajinsu a ɗumin tebur suke yi, saboda shekara da shekaru sanyi bai taɓa ba su matsala ba. Sai dai a ƙarƙashin kunyar akwai wani abu da ke motsi, wanda ya sa ta ƙi ajiye na'urar.

"Na san lambar nan, Yallaɓai," ta ce. "Ɗan gurbin da muke ajiye awon sanyi a ciki, an ɗauke shi a matsayin wanda ba ya sauka ƙasa da sifili. Da awon ya sauka, sai ya zagayo ta sama. Gyaran layi ɗaya ne, yanzu ma zan iya yi."

"Layin nan, ke kika taɓa shi a aikin nan?"

"Ban taɓa ba. Yana nan yadda yake tun kafin in zo."

"To me ya sa bai taɓa yin ihu ba sai yau?"

"Ban sani ba."

"Ni ma abin da ya dame ni ke nan. Ki gyara wannan, gobe wani ya fito a ɗakin maganin wani asibiti, ke kina can, ni ina nan ina ba da haƙuri. Jiya kin ce min kin san abin da kika zubar." Ya miƙa mata ta bangon. "Ki kwance kayan tukuna. Sai kin faɗa min abin da Tsohuwa take yi mana wanda ba mu sani ba."

Da la'asar, bayan an tashi, ta tsaya a matakala ta kira mahaifinta. Ƙanshin sababbin tayoyi yana tasowa daga ƙasa. Gwaggo ce ta ɗauka, ta gaishe ta, ta kuma tuna mata cewa ita fa ta riga ta yi magana da direban da zai mayar da ita gida, sa'an nan ta miƙa wayar.

"Uwata," in ji tsohon, domin sunan mahaifiyarsa aka sa mata. "Muryarki kamar injin da ya sha ruwa. Me ya faru?"

Ta ba shi labari. Bai taɓa taɓa kwamfuta ba, amma mutum ne da ba ya barin labarin inji ya wuce shi.

"Tsaya, tsaya. Ƙasa da sifili akwai wani abu ne? Ni a sanina idan tanki ya kai sifili, sai turi."

"A sanyi akwai, Baba. Sifili shi ne inda ruwa yake daskarewa. Firiza tana wuce nan."

"To ita na'urar taku me ya kai ta ɗari biyu da wani abu?"

"Ka tuna mitar motar nan da ka cire ka ba ni ina wasa da ita a gareji? Wadda nake juyawa baya da ƙusa?"

Ya yi dariya har da tari. "Wadda kika juya ta wuce sifili ta koma tara-tara-tara, kika zo da gudu kina cewa motar ta zagaye duniya?"

"Ita. Haka na'urar ta yi. An ce ta koma baya, ba ta da baya, sai ta faɗo ta can ƙarshe."

"Na gane. To da can wa yake ba ta baya?"

"Abin da nake nema ke nan."

"Kai, wannan abu da daɗi yake," in ji shi, kamar an ba shi labarin biki. Sa'an nan muryarsa ta sauka. "Uwata, kada ki bar aikinki saboda ni. Na san hanyar banɗaki, na san hanyar ƙofa. Mijinki ma yana nan yana ta fasa mana bango."

"Jiya Gwaggo ta ce gishiri ka zuba a shayi."

"Gwaggonki ba ta iya riƙe sirri ba tun tana yarinya. Ke dai idan kin gano, ki kira ni kafin kowa."

Da safe ta dawo da amsoshin da ta zubar, domin ba ta share su ba, gefe ta tura su. Ta karanta su daga sama har ƙasa, ta sake karantawa. Babu ɗaya da ya ambaci sifili ko abin da ke ƙasa da shi.

"Ki mayar da su duka mana," in ji Mai Dalma. "A yi ta zama lafiya."

"Sai in tafi gidan Baba da kayan Maƙwabci a ka, ban san abin da ke ciki ba? Kuma Yallaɓai dalili ya tambaya."

"To yaya za ki yi?"

"Rabawa. In mayar da rabi, in gina, in sa a firiza. Idan ta yi shiru, abin yana cikin rabin nan. Idan ta yi ihu, yana cikin ɗayan. Sai in sake raba wanda yake ciki."

"Ba za ki iya yi wa na'urar ƙaryar sanyi a tebur ba? Ya fi sauri."

"Zan iya. Teburin ne ya kunyata ni. Kwashe kifinka, Yaya."

"Kifina me ya yi miki? Shi ne fa ya tona asirin."

Ya kwashe dai, ya kai shagon mai tayoyi ajiya, ya dawo yana cewa an mayar da shi ɗan gudun hijira. Aikin ya zama kamar jiran tukunya. Wasu amsoshin sai ta ɗan gyara musu zama kafin Magini ya karɓe su a kwamfutarta. Ta gina, ta ɗura, ta sa a firiza, ta ja kujera ta zauna a ƙofar kicin tana saurare. Wani lokaci ihu ya zo. Wani lokaci shiru ya yi tsawo har ta tashi ta buɗe ta ga alamar ƙasa da sifili tsaye a allo. Manaja yakan wuce kamar zai ɗebi ruwa, ya tambaya, "Ihu ko shiru?" Kafin yamma har mai tayoyi ya hawo ya leƙo, yana so ya ga abin da ke kuka a sama tun safe.

Amsoshin suka yi ta raguwa, har ya rage guda ɗaya. Da shi, shiru. Babu shi, ihu. Ta zuba masa ido. Ba umarni ba ne ma. Adireshi ne kawai, yana nuni zuwa wani fayil a can cikin ɗakunan ajiyar Maƙwabci. Shi ya sa tun farko ta zubar da shi ba ta ko waiwaya ba; kuma a gwajin nan, da Magini ya nemi fayil ɗin, kwafo shi ta yi daga Tsohuwa tare da sauran tarkace, ba ta buɗe ba.

Yanzu ta buɗe. Gajere ne. A ciki akwai wasu ƙa'idoji da waɗanda suka gina Maƙwabci suka gindaya wa kansu, kuma duk wanda ya karɓi adireshin, ya karɓe su ke nan bai sani ba. Ɗaya daga ciki tana cewa, kowane ƙaramin gurbi na ajiye lamba, a ɗauke shi a matsayin mai iya sauka ƙasa da sifili.

Ta jingina da kujera. "Yaya. Yallaɓai. Ku zo."

Suka zo. Ta nuna musu layin da ƙarshen biro.

"Rubutunmu yana da kuskuren nan tun ranar farko," ta ce. "Ba mu taɓa faɗa wa gurbin cewa zai sauka ƙasa da sifili ba. Maƙwabci ne yake da wannan ƙa'ida don buƙatar kansa. Mu kuma muna aron saitinsa, sai ta biyo mu, ta rufe mana kuskuren."

"Wa ya zaɓa mana ita?" in ji Manaja.

"Babu kowa. Ko wanda ya tsara Magini ba na jin ya san tana nan."

"Su masu Maƙwabcin, me ya sa suka sa ta?"

"Na duba, ban ga dalili a rubuce ba. Wata damuwa ce tasu da ba ta shafe mu ba. A sabon samfurin ma sun cire ta."

Mai Dalma ya girgiza kai. "Wato duk ɗakunan sanyin da muka manna wa na'ura, albarkacin wasu mutane suke ci da ba su san da mu a duniya ba."

Manaja ya matso kusa da allon. Sa'an nan ya sa yatsa a ƙasan layin. "Waɗannan sauran fa?"

"Su zan bi yanzu, ɗaya bayan ɗaya."

Ta bi su. Biyu ba su shafi na'urarsu da komai ba, ta nuna masa dalili, ta bar su. Ɗaya kuwa ta ga tana da amfani, tana sa a kama wani irin kuskure tun wurin gini, ta ɗauke ta ta sa a fayil ɗinsu da saninta. Ta koma rubutun manhajar ta gyara gurbin awon sanyi, ta faɗa masa a fili cewa yana da baya, don kada ya sake dogara da alherin kowa. Ta nemi duk wani gurbi irinsa, ta sami ɗaya a wurin da ake daidaita awo, shi ma ta gyara. A saman kowane saiti da ke sabon fayil ta rubuta dalilinsa da magana mai sauƙi. Wanda ta kasa samar wa dalili, ta cire shi ta gwada a firiza. A ƙarshe ta ƙara sanyi a cikin gwajin da Magini yake yi da kansa, ta yadda ba zai ce ya gama ba sai ya ga biyar ƙasa da sifili ta fito biyar ƙasa da sifili.

Ana saura kaɗan wata ya ƙare ta ce ta shirya. Manaja ya ce, "Ba a kwamfutarki ba. A ta Mai Dalma. Shi zai gina, ke ki zauna can, hannunki a cinya. Kuma a kashe Tsohuwa, kada a ce leƙen asirinta ake yi."

Mai Dalma ya tsuguna a lungu, ya ce, "Ki yafe mana, Hajiya," ya danna. Fankar ta yi ta raguwa har ta tsaya. Ofishin ya yi wani irin shiru da ba su taɓa ji ba. Har maganar masu sayen taya suke jiyowa daga ƙasa.

Ya zauna a gaban tasa kwamfutar, ya buga umarnin da yatsa biyu, yana karanto kowane harafi da ƙarfi. Magini ya gama. Ya ɗura wa na'ura, ya kai ta firiza, ya kwantar da ita a kan kifinsa da ya dawo daga hijira. Suka ja kujeru uku a ƙofar kicin. Aka jima. Aka ƙara jimawa. Manaja ya tashi da kansa ya buɗe, ya ɗauko, ya share allon, ya kalla, ya miƙa wa Almakashi.

"Ki gaida Baba," ya ce. "Ki ce masa wanda ya riƙe masa 'ya yana neman afuwa."

Ta fita matakala ta kira tsohon kafin ta kira mijinta, kamar yadda tsohon ya nema.

Ta isa garin ana gobe Gwaggo za ta tafi. Bayan kwana biyu ta ajiye kwamfutarta a kan teburin cin abinci na gidan, gefen kwalbar maganin ido da tsohon akwatin sifanoni da mahaifinta ya hana a taɓa. Yana zaune a gabanta, ya kawo kunne kusa.

"Yanzu ginin yake yi?"

"Yanzu."

"Ba ya ƙara?"

"Ba ya yi, Baba."

"Inji babu ƙara. To." Ya shafa tebur har ya sami na'urar, ya jujjuya ta a hannu, ya auna nauyinta, ya bi gefenta da farce har ya gano inda aka ɗaure ta. Da ta ɗura mata manhajar, shi ya tashi da kansa, yana dafa bango, ya kai ta firiza ya rufe. Ya tsaya a wurin, hannunsa a kan murfi. Ta kawo masa kujera, ya ƙi zama.

Da aka jima ya buɗe, ya kawo allon daf da idonsa na dama, wanda ya fi gani. "Ga wani ɗan layi a kwance kafin lambar."

"Shi ne alamar ƙasa da sifili."

"Wannan ɗan abin ne ya so ya raba ki da aikinki?" Ya sake dubawa, ya yi ƙwafa. Bai mayar mata da na'urar ba. "Uwata, waccan mai kuskuren, kin zubar da ita ne?"

"Tana nan a ajiye. Me ya faru?"

"Gina min ita. Kowa ya ji ihun nan, har mai tayoyi, ban da ni."

Ta ja kwamfutar gabanta, shi kuma ya buɗe firiza ya fara matsar da kayan miya gefe, yana yi wa na'urar wuri.